LIKITA MILA NA ZARIYA: KANA TAKA, ALLAH NA TASA

A filinmu na tarihin mutanen da, yau za mu kawo muku labarin wani Bature wanda ya yi fiye da shekara hamsin yana cuɗanya da ƙasar Hausa, watau Dokta Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suka fi sani da suna Likita Mila. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca ba su taɓa jin sunansa ba. Amma waɗanda ke Kirista daga cikinsu, musamman mutanen Garaku da Keffi da Akwanga da Lafiya, da aikin hannunsa iyayensu da kakanninsu suka yi sujada, domin shi ne ya ja gaba wajen fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a tsaya a duba shi ne, mutum ne mai ilmi, mai kaifin basira, mai naci, wanda ya zo ƙasar nan da shiri a tsare tun daga gida, amma kusan duk abin da ya shirya bai tafi yadda ya so ba, abin da kuwa ya tabbata daga aikinsa ya ɓullo ne ta inda bai zata ba. Kirista na ɗaukar irin wannan a matsayin misalin wata koyarwa ta addininsu, cewa hikimar ɗan Adam, kome yawanta, tana da iyaka in ba Allah a cikinta.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Mila cikin shekarar 1872 a wani ƙaramin gari da ake kira Honiton, cikin lardin Devon na ƙasar Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke birnin Landan, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin ƙasar. Da ya so, da ya zauna gida ya yi arziki da aikinsa, amma sai ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta Ekklesiyar Anglika, wadda aka fi sani da C.M.S.

A zamanin nan labarin ƙasar Hausa ya cika kunnuwan 'yan mishan na Ingila. Suna jin labarin manyan birane masu ganuwa, da kasuwar Kano, da malamai masu rubutu da karatu, da harshe guda wanda fatake suka kai shi tun daga Gwanja har Tarabulus. Sai suka yi lissafi irin nasu, suka ce mutanen da suka waye haka ba za su yi wuyar fahimtar wa'azi ba, in kuwa Hausawa suka karɓa, to su da kansu za su kai shi ko'ina da fataucinsu.

Waɗanda suka fara gwada wannan lissafi ba su ji da daɗi ba. Cikin 1890 Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson suka sauka Lakwaja, suka sa riga da rawani, suna shirin wucewa Arewa. Robinson ya rasu cikin 1891, Brooke ya bi shi cikin 1892, ba wanda ya ga Kano a cikinsu. Cikin watan Disamba na 1893 kuma waɗansu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda suka kafa mishan ɗin da daga baya aka sani da S.I.M., suka sauka Ikko. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent ya rasu a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida. Mila ya san duk wannan, bai kuwa fasa ba.

DAGA TARABULUS ZUWA KANO

Don kada a maimaita kuskuren na baya, sai aka ga ya kamata a fara ƙwarewa da harshe tukuna. Saboda haka aka tura Mila da abokansa birnin Tarabulus na ƙasar Libiya, inda Hausawa ke da yawa a lokacin, fatake da maniyyata da 'yantattun bayi. Can ya zauna cikinsu yana koyon Hausa daga bakin masu ita. Can ne kuma ya gamu da wani yaro Bahaushe mai suna Abdulmajid, ana kiransa Audu, wanda ke kan hanyar Makka, wanda daga baya ya dawo ƙasar Hausa ya zauna tare da shi kamar ɗa.

A farkon shekarar 1900 ayarinsu ya tashi daga Ikko. Su biyar ne: Bishop Herbert Tugwell shi ne madugu, sai Rabaran Richardson, da Rabaran Dudley Ryder, da Mista Burgin, da Likita Mila. A Jebba suka tarad da Gwamna Lugga, wanda bai daɗe da kafa tutar Ingila ba, ya kuwa gargaɗe su kada su wuce inda sojansa za su iya kare su. Ba su ji ba. Suka ratsa ƙasa har Zariya, inda Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su hannu biyu biyu, sa'an nan suka zarce Kano.

A Kano ne lissafi ya fara rushewa. Sarkin Kano Alu Babba bai aika a kira su ba, bai kuma ga dalilin da zai sa baƙi su shigo ƙasarsa ba da izni ba, balle a lokacin da kowa ya san Nasara sun ɗaura aniyar cin ƙasa. Sun nemi a bar su su zauna su yi magani su koyar, Sarki ya ƙi, ya ba su 'yan kwanaki kaɗan su tattara nasu ya nasu su fita. Tafiyar da aka yi shekaru ana shiri, aka koyi harshe dominta, aka kashe kuɗi masu yawa, ta ƙare cikin 'yan kwanaki.

Suka juyo suka yada zango a Girku, garin nan da Gowans ya rasu shekara shida kafin nan. Nan ciwo ya kama Dudley Ryder ya rasu, aka mai da Richardson gida ba shi da lafiya. Ga likita a cikin ayari, mai takardar shaida daga babban asibitin Landan, amma iliminsa bai hana abokinsa mutuwa a gabansa ba.

LOKO DA KEFFI

Cikin 1901 zaman Girku ya gagara, aka umurce su su janye zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, cikin ƙasar da yau take Jihar Nasarawa. Loko kuwa a zamanin nan babbar tasha ce, domin daga nan hanyar fatake ke tashi ta bi ta Nasarawa da Keffi ta kai Zariya da Kano. A can waɗansu sababbin 'yan mishan biyu suka zo suka haɗu da su, watau George Bargery da Hans Vischer. Mai karatu ya riƙe sunayen nan biyu, za mu sake gamuwa da su.

Abin da ya canja al'amura kuwa a Keffi ya faru. Cikin watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda shi ne wakilin Sarkin Zazzau a garin, ya kashe Razdan Kyaftin Moloney, ya hau doki ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugga ya riƙe wannan hujja. Aka tuɓe Sarkin Zazzau Kwasau, cikin watan Fabrairu na 1903 aka ci Kano, cikin Maris aka ci Sakkwato, shi kuwa Magaji ya faɗi a yaƙin Burmi cikin Yuli na wannan shekara tare da Sarkin Musulmi Attahiru.

Mila yana cikin waɗanda suka yi murna da wannan, domin a ganinsa mulkin Ingila zai kawar da cinikin bayi da zaluncin masu sarauta, ya kuma buɗe wa mishan ƙofofin birane. Nan ma lissafi bai yi daidai ba. Lugga ba shi da isassun sojoji da ma'aikata da kuɗin da zai mallaki ƙasa mai faɗi haka da kansa, sai ya zaɓi ya yi mulki ta hannun sarakuna, ya kuma yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin jama'a ba. Razdanonin da suka biyo baya suka riƙe wannan alkawari gam, suka hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi. Turawan da Mila ya sa rai za su buɗe masa ƙofa, su ne suka tsaya a bakinta suna gadi.

ZAMANSA CIKIN BIRNIN ZARIYA

Duk da haka, cikin 1905 ya sami izni ya tare cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Yakan sa tufafin Hausawa, ya ci abincinsu, Hausarsa kuwa ta kai inda Turawan mulki da kansu suka sallama masa. Bai taɓa aure ba, yaran da ya riƙe su ne iyalinsa.

Babban shirinsa na biyu shi ne na ilmi. Ya kai wa Lugga shawara a kafa makarantar kwana ta 'ya'yan sarakuna, da wata ta malamai, inda za a koyar da rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa, shi kuma ya zama mai kula da su. Tunaninsa shi ne, wanda ya kama 'ya'yan sarakuna ya kama ƙasa. Lugga ya nuna goyon baya, amma cikin 1906 ya bar Arewa. Gwamna Girouard da ya gaje shi ya ce sam ba za a danƙa ilmin 'ya'yan Musulmi a hannun mishan ba. Da gwamnati ta tashi kafa tata makaranta a Nasarawa ta Kano cikin 1909, wanda ta ɗora a kai shi ne Hans Vischer, tsohon abokin aikin Mila na Loko, wanda ya riga ya bar mishan ya shiga aikin gwamnati, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa. Shi ma Bargery daga baya aikin ilmi na gwamnati ya koma, shi ne ya wallafa babban ƙamus na Hausa cikin 1934.

Gaskiya kuma ita ce, halin Mila ya taimaka wajen toshe masa hanya. Mutum ne mai kafiya, wanda in ya ga abu daidai ne ba ya jin shawarar kowa. Ya yi ta sukar sarakuna da tsarin mulkin En'e da kakkausan harshe, ya yi rigima da razdanoni, har da 'yan'uwansa 'yan mishan. Tsakaninsa da Sarki Aliyu ɗan Sidi, wanda malami ne kuma mashahurin marubucin waƙoƙi, abu ya yi tsami ƙwarai, ƙorafe-ƙorafen da ya riƙa kai wa gwamnati suna cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarkin cikin 1920, aka kai shi Lakwaja inda ya rasu. Masu yabon Mila na cewa talakawa yake karewa. Zazzagawa da yawa kuwa sun ɗauke shi baƙon da ya tsoma baki cikin abin da ya fi ƙarfinsa. Abin da ba a gardama a kai shi ne, bayan shekaru yana zaune cikin birni, waɗanda suka karɓi addininsa ba su taka kara sun karya ba.

BAƘIN DA BA A GAYYATA BA

Ana nan, cikin 1913, sai ga waɗansu samari daga ƙauyukan gabashin Zazzau sun zo wurinsa da ƙafarsu. Su ne zuriyar almajiran wani malamin Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda ya rayu zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Shi wannan malami, cikin nazarinsa, ya ba Annabi Isa wani matsayi na musamman wanda sauran malamai ba su yarda da shi ba, abin ya kai shi ga saɓani da hukuma har aka kashe shi a Kano, shekaru da dama kafin Turawa su zo. Almajiransa suka watsu wajen Ningi da ƙasar Zazzau, ana kiransu Isawa, suna riƙe da abin da ya bar musu.

Ba wani ɗan mishan da ya taɓa yi musu wa'azi, Mila kansa bai san da zamansu ba. Ya yi shekara goma sha uku yana ƙwanƙwasa ƙofar fada ba a buɗe ba, sai ga manoma daga ƙauye sun zo suna ƙwanƙwasa tasa.

Nan ma sai ya sake tsara shiri. Aka nemi fili a Gimi, aka tara waɗanda suka karɓi Kiristanci daga cikinsu wuri guda don su zama gari na misali, da gonaki da makaranta da majami'a, aka sa wani baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma mai suna Rabaran Thompson ya zauna da su. Garin ya fara bunƙasa, har rake suke nomawa suna yin sukari. Abin da ba a lura da shi ba shi ne ƙudan tsando da ke cikin kurmin bakin rafi. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga garin ya yi ta ɗauke mutane, manya da yara, har ya zama dole a tashi a bar wurin.

Abin lura a nan, ba jahilci ne ya kawo wannan ba. Tun cikin 1903 likitocin Turawa a ƙasar Yuganda, ciki har da David Bruce, sun gano cewa ƙudan tsando ke yaɗa ciwon. Amma sanin mafarin ciwo daban, samun maganinsa daban. Maganin da ake da shi a lokacin yakan makantar da mutum, waɗanda suka fi shi kuwa sai wajen 1920 suka fara fitowa. Babban aikin share kurmi da gwamnati ta yi a ƙasar Anchau, wanda ya haifar da sabon garin Takalafiya, ya zo ne kusan shekara ashirin bayan an yi hasarar Gimi. Marayun da suka tsira aka kwaso su aka kawo makarantar Zariya.

WUSASA DA FASSARA

Cikin 1929 kuma aka fitar da mishan daga cikin birni aka mai da shi Wusasa, bayan ganuwa ta yamma. Mila ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya hana, domin a wurinsa fita daga birni daidai yake da amsa cewa an gaza. Bai yi nasara ba. Sai ya bar Zariya ya koma Kano ya duƙufa kan fassara.

Ba shi ne ya fara wannan aiki ba. Tun tsakiyar ƙarni na 19 wani Bajamushe, James Frederick Schön, ya fassara waɗansu sassa a Ingila da taimakon wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu. Amma Mila ne ya ɗauki nauyin aikin gaba ɗaya, tare da mataimakansa Hausawa waɗanda suka riƙa tace masa kalmomi, da wakilan sauran mishan irin su Dokta Andrew Stirrett na S.I.M. Cikin 1932 Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Ingila ta buga cikakken littafin da Hausar boko. Shi aka yi ta amfani da shi har kusan shekara hamsin, kafin a fito da sabuwar fassara.

Wusasar nan da ya ƙi kuwa, ita ce ta zama abin da ake tunawa da shi. Aka gina majami'a ta ƙasa bisa tsarin ginin Hausawa, aka sa mata sunan St Bartholomew, aka gina asibiti da makaranta. Daga cikin yaran da suka tashi a hannun wannan mishan akwai Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa cikin 1948, wanda kuma babban asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa. Akwai John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Akwai Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983. Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa Malam Yohanna, mutumin Angas, ya yi aikin bishara. Mila ya nemi 'ya'yan sarakuna bai samu ba, sai ga 'ya'yan talakawa da marayu sun zauna kan kujerun da ya yi wa waɗancan tanadi.

INDA LITTAFIN YA SAUKA

Haka kuma littafin da ya fassara. Mutanen Kano da Zariya da Katsina ya nufa da shi, su kuwa suka tsaya kan addininsu. Waɗanda suka rungume shi su ne ƙabilun tsakiyar ƙasa: Angas da Birom da Bajju da Gbagyi da Mada da Eggon da sauransu, waɗanda bai sa su a gaba cikin shirinsa ba.

Dalilan haka ba ɓoyayyu ba ne. Da gwamnati ta hana mishan shiga biranen Musulmi, sai suka karkata ga waɗannan ƙasashe. Mishan ɗin S.U.M., wanda Karl Kumm ya kawo Wase cikin 1904, da na S.I.M., suka tarad da harsuna barkatai, kowane tsauni da nasa, ba su da ma'aikatan da za su fassara littafi cikin kowanne. Hausa kuwa ta riga ta zama harshen kasuwa, zuwan jirgin ƙasa da haƙar kuza a Jos da Bukuru suka ƙara mata ƙarfi. Sai ta zama harshen majami'a da na makarantar horon masu bishara. Da ekklesiyoyin ƙasa suka tsaya da ƙafarsu, E.C.W.A. cikin 1954 da tarayyar da yau ake kira TEKAN cikin 1955, da Hausa suka riƙa taro. Ekklesiyar E.R.C.C., wadda ta fito daga reshen Afirka ta Kudu na S.U.M., mai hedkwata a Alushi kusa da Akwanga, ita ma haka. Shi ya sa a Garaku, hedkwatar ƙaramar hukumar Kokona a kan hanyar Keffi zuwa Akwanga, Mada da Eggon da Gwandara kan zauna a benci guda su yi waƙa da karatu da harshen da ba na kakan ɗayansu ba.

ABIN DA ADDININ KIRISTA YA KOYAR

Masanin tarihi zai tsaya kan waɗannan dalilai, yana kuwa da gaskiya. Kirista mai bi ba ya musunsu, amma yakan ƙara da cewa ba wanda ya tsara su su haɗu haka, ko Mila, ko Lugga, ko sarakuna. Wannan koyarwa tsohuwa ce cikin littafin da shi Mila ya fassara. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga mutanen Koranti, yana magana ne da Girkawa, al'ummar da ta fi kowace alfahari da falsafa a zamaninta. Abin da ya nuna musu shi ne, zurfin tunani kaɗai bai isa ya kai mutum ga sanin Allah ba, kuma sau da yawa Allah kan yi aikinsa ta hannun waɗanda duniya ta rena, don kada wani ya bugi ƙirji. Littafin Mai-Wa'azi, wanda ake dangantawa da Sarki Sulemanu, labari ne na mutumin da ya tara ilmi da dukiya fiye da kowa, ya waiwaya ya ga ba su ƙosar da shi ba. Wasiƙar Yakubu kuwa kamar da mu mazauna Kudu take, domin 'yan kasuwa take gargaɗi, masu tsara tafiya wani gari da lissafin ribar shekara guda, ba tare da sun jingina al'amarin ga yardar Allah ba, alhali ba su san abin da gobe za ta haifa ba.

Kada a ɗauka wannan koyarwa ta hana neman ilmi. Da haka ne, da ba a gina makaranta da asibiti a Wusasa ba. Abin da ta hana shi ne mutum ya mai da wayonsa abin dogara, ya ɗauka cewa tun da ya yi lissafi daidai, dole duniya ta bi lissafinsa. Musulmi ma ba baƙo ba ne ga wannan magana, don kullum bakinsa na kan in Allah ya yarda. Bahaushe kuwa ya taƙaita ta da cewa kana taka, Allah na tasa.

ƘARSHEN KWANAKINSA

Cikin 1935 Mila ya ajiye aikin C.M.S. ya koma Ingila, amma zama bai yi masa daɗi ba, cikin 1939 ya dawo Nijeriya. Ya rubuta littattafai da dama kan abin da ya gani. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya fito cikin 1947, sunansa ma tambaya ce, ko Turawa sun gaza a Nijeriya. Cikinsa ya soki mulkin ƙasarsa da cewa ya bar talakan Arewa a baya wajen ilmi, maganar da samarin 'yan siyasa na lokacin su ma suke yi, ko da yake addininsu ba ɗaya da nasa ba. Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru kusa da Jos yana koyar da Hausa, ya rasu cikin 1952 yana da shekara tamanin, shekara takwas kafin mulkin kai.

Bai ga Kano ta zama abin da ya yi mafarki ba, bai sami makarantar 'ya'yan sarakuna ba, Gimi ta zama kufai, birnin Zariya kuma an fitar da shi. Ya bar littafi guda da 'yan yara kaɗan, su ne kuwa suka wanzu. 'Yan'uwa da suka baro gida suka zo Kudu da shiri a zuci, na kasuwa ko na aiki ko na karatun 'ya'ya, su yi ƙoƙari iyakar yinsu kamar yadda ya yi, amma in abu ya juya ta wata hanya kada su yi saurin cewa an yi hasara. Allah ya sa mu dace, amin.